Yadda Ake Zama da Aiki a Masaukin Baƙi na Tsibirin Dominika Lokacin Mahaukaciyar Guguwa

Duk wanda ya tashi a ƙasar Hausa ya san hadarin gabas: ya haɗo baƙi ƙirin da la'asar, iska ta riga shi isowa, mata su yi ta kwashe shanya. Ba duk wannan hadarin ne ke mutuwa a kan tudu ba. A cikin damina jerinsa yakan ratsa Sahel daga gabas zuwa yamma, wani ya fice ta gaɓar Senegal ya faɗa tekun Atlantika. In ya tarar da ruwa mai ɗumi, wanda ya kai digiri 26 da rabi, sai ya fara juyi yana ƙara ƙarfi har ya zama mahaukaciyar guguwa. Guguwar Mariya, wadda ta daki tsibirin Dominika a daren 18 ga Satumba 2017, ranar 12 ga watan ta baro gaɓar Afirka ta Yamma. Kwana shida ne tsakani.

Dominika ƙaramin tsibiri ne a yankin Karebiyan, tsakanin Gwadalup da Martinik, mutanensa kusan 70,000, kuma ba ita ce Jamhuriyar Dominikan ba. Ƙasa ce ta duwatsu da koguna da ƙungurmin daji, shi ya sa yawancin masaukan baƙinta irin masu kula da muhalli ne: bukkokin katako a gefen kogi, wutar sola, ruwan sama a tanki, lambu a bayan ɗakin girki, hanya ɗaya tilo ta shiga. A irin wannan wuri na yi aiki, a gabashin tsibirin, shekaru kaɗan bayan Mariya. Abin da na fara ganewa shi ne, duk abin da ke jawo baƙo zuwa wurin, shi ne kuma lagonsa idan iska ta taso. Ga yadda ake bi da lamarin, daga farko har ƙarshe.

Kafin ka karɓi aikin

Lokacin guguwa a Atlantika yana farawa 1 ga Yuni ya ƙare 30 ga Nuwamba, amma zafinsa daga tsakiyar Agusta ne zuwa tsakiyar Oktoba, ƙololuwarsa wajen 10 ga Satumba. Idan kwantiraginka ya ratsa waɗannan watanni, kada kunya ta hana ka tambaya. Akwai ɗakin kankare da ma'aikata za su fake, rufinsa ma na kankare? Nawa ne nisansa da kogi, kuma ba a gindin gangare yake ba? Idan aka rufe masaukin wata biyu, albashi da abinci da wurin kwana suna nan ko sun tsaya? Inshorar lafiyarka ta haɗa da ɗaukar ka a jirgi zuwa wani tsibiri? Manajan da ya san aikinsa ba ya jin haushin waɗannan tambayoyi, yakan ma ciro maka rubutaccen tsarinsu. Wanda ya ce maka kawai kada ka damu, to fa ka damu.

Ka ɗauki hoton fasfo da takardar izinin aiki ka aika wa wani ɗan'uwa a gida, na asalin kuma su shiga ledar da ruwa ba ya ratsawa. Ka ware tsabar kuɗi ƙananan canji, domin ranar da babu wuta babu intanet, katin banki ba ya sayen ko burodi.

Mayu da Yuni: ba a fafe gora ranar tafiya

Rufi ne farkon aiki. Ka hau kowace bukka ka bi kwanon ɗaya bayan ɗaya, inda aka kafa da ƙusa a musanya da sukuru, musamman bakin rufi da kusurwoyi, don nan iska take fara cusa hannu. A ɗaure katakon rufi da jikin bango da ƙarfen ɗauri, bango kuma a ɗaure shi da tubalin gini. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga: kwano ɗaya ya ɗaga, iska ta shige ƙarƙashi, sauran duk sun tafi. Rufi mai gangare huɗu ya fi mai gangare biyu juriya, kuma rumfar baranda ya fi kyau a yi ta daban da babban rufi, ta yadda ko ta tashi ba za ta ja na ɗaki ba. Mariya ta taɓa kusan gida tara cikin goma a tsibirin, har gidan Firaminista Roosevelt Skerrit sai da ta yaye wa rufi, shi da kansa ya rubuta hakan a Facebook a daren.

Daga nan sai tagogi. A yanka falankin filawud mai kaurin milimita 16 daidai kowace taga, a huda ramukan sukuru tun yanzu, a rubuta lambar bukka da ta taga a jikinsa da fenti. Wannan rubutun ƙaramin abu ne, amma ranar da ruwa ke dukanka kana juya falanki talatin kana neman wanda ya dace, za ka san darajarsa. Manna salatif a gilashi ba ya hana shi fashewa, kada ka ɓata lokaci.

A sare rassan da suka sunkuyo kan rufi, a sauke kwakwa daga duk bishiyar da ke kusa da gini, a yashe magudanan ruwa da kwalbatoci. A gwada janareto da zarto mai inji, a tanadi mai, man sarƙa, tamfol, igiya, adda da safar hannu.

Lissafin ruwan sha shi ne lita huɗu ga kowane mutum a rana. Shawarar da aka saba bayarwa ta kwana uku ce, amma wurin da hanyarsa ɗaya ce mako biyu ya kamata ya lissafa. Mutum goma, kwana goma sha huɗu, lita 560 ke nan, ban da na wanka da wanki. Abinci kuma wanda ba ya buƙatar firij: shinkafa, wake, taliya, kifin gwangwani, madarar gari, man girki, gishiri. Mai shan magani kullum ya tanadi na wata guda.

Ka koyi karanta sanarwa

Cibiyar lura da guguwa ta Amurka da ke Miami tana fitar da bayani kan kowace guguwa sau huɗu a rana: biyar na asuba, sha ɗaya na safe, biyar na yamma, sha ɗaya na dare. Idan haɗari ya matso, sai a ƙara wasu a tsakani. Ka mai da duba na asuba al'ada, kamar yadda manomi ke duban gabas. A cikin gida kuma ofishin kula da bala'o'i na ƙasa da gidan rediyon gwamnati su ne ke faɗin inda mafaka take da lokacin buɗe ta.

Iska in ta kai kilomita 63 a awa, an ba ta suna. In ta kai 119, ta zama mahaukaciyar guguwa mataki na 1. Mataki na 3 yana farawa daga 178, na 5 daga 252. Sanarwa iri biyu ce: ta zama cikin shiri, wadda ake bayarwa awa 48 kafin iska mai ƙarfi ta iso, da ta gargaɗi, awa 36 kafin nan.

Kurakurai biyu ne nake roƙon ka guje musu. Na farko, taswirar hasashe mai kama da mazurari da cibiyar ta Miami ke fitarwa, hanyar da tsakiyar guguwar za ta iya bi kawai take nunawa, ba faɗinta ba. Kana wajen zanen, iska da ruwa su same ka. Na biyu, kada ka dogara da lambar mataki. Mariya da asubar ranar 18 ga Satumba tana mataki na 1, kafin ƙarfe takwas na dare ta kai na 5, wajen tara da kwata ta hau tsibirin. Wanda ya yi shirin ƙaramar iska da safe bai sami damar sake shiri ba. Erika kuwa, ta 27 ga Agusta 2015, ko matakin farko ba ta kai ba, amma ta zubar da ruwa fiye da milimita 300 cikin awa 12, kwatankwacin abin da Kano ke samu a watan Agusta gaba ɗaya. Koguna suka yi toroƙo, ƙasa ta zaftare, mutane kusan 30 suka rasu, ƙauyen Petite Savanne sai da aka kwashe mutanensa dungurungum. A tsibiri mai duwatsu, ruwa ya fi iska ban tsoro. Don haka ka yi shirin abin da ya ɗara wanda aka sanar.

Zaman jira

Mafi yawan kwanakin waɗannan watanni ba abin da ke faruwa. Baƙi sun ragu, zafi da gumi sun ƙaru, kaya na yin fumfuna a cikin akwati. Lokacin fenti ne da gyaran hanyoyin daji da aikin lambu. Wani lokaci sararin sama ya yi fari fat da ƙurar Sahara, kamar hazon hunturu a gida, kuma mutanen wurin suna murna da ita domin busasshiyar iskarta tana hana guguwa ƙarfi. Ka yi amfani da wannan sarari ka san maƙwabta: wa ke da mota mai hawa dutse, wa ke da zarto, wace ce ma'aikaciyar jinya, wane tsoho ne ke zaune shi kaɗai. Ka taka hanyar zuwa mafakar ƙauye da ƙafarka, ka ƙirga kogunan da za ka tsallaka.

Kwana biyar zuwa uku: baƙi tukuna

Da zarar tsibirin ya shiga cikin zanen hasashe, a tara baƙi a gaya musu gaskiya, a taimaka musu sauya tikiti. Jiragen da ke sauka a filin Douglas-Charles ba manya ba ne, kujeru na ƙarewa da wuri, jirgin ruwan da ke zuwa Gwadalup da Martinik kuma yana tsayawa da zarar teku ta fara fushi. Za ka sami baƙon da zai ce shi yana so ya ga guguwa da idonsa. Ka lallashe shi cikin ladabi, ka nuna masa ɗakin da zai kwana da mutum goma, da bokitin da zai zama banɗaki. Duk baƙon da ya rage, ruwansa da abincinsa da ransa suna wuyanku. A rubuta sunan kowa, lambar fasfo, ciwon da yake da shi, da wanda za a kira.

A daidai wannan lokaci a sallami ma'aikata 'yan gari da wuri. Suna da nasu rufin da 'ya'ya da iyaye, kuma ba adalci ba ne a riƙe mutum yana ɗaure kujerun baƙi alhali gidansa na buɗe. A cika motoci da mai, a cika silindar gas, a daskarar da ruwa a robobi a cusa firiza.

Ka kira gida. Ka gaya wa mahaifiya ko matarka a fili cewa za a iya yin mako guda ko fiye ba su ji muryarka ba, kuma shirun ba ya nufin wani abu ya same ka. Ka zaɓi mutum ɗaya da za ka fara aika wa saƙo, shi ya sanar da saura. Bayan Mariya sadarwa ta yanke gaba ɗaya, masu rediyon oba-oba na sa-kai ne suka riƙa fitar da labari zuwa waje.

Awa 48 na ƙarshe

Fara da nesa ka dawo kusa. Kwale-kwale da kayan ninƙaya a jawo su tudu a ɗaure. Kujeru, tebura, ragar lilo, tukwanen fure, allunan hanya, duk abin da hannu zai iya ɗagawa iska ma za ta ɗaga, a shigar da shi. Katifu a naɗe da leda a ɗora sama. Kaji su shiga keji a cikin gini, awaki a kai su tudu, amya a ɗaure ta da igiya. A kwashe takin banɗaki a rufe ramin da kyau don kada ambaliya ta watsa shi. A lambu a sare ayabar da ta ƙosa, a tsinke duk abin da ya kusa nuna.

Sola tana buƙatar nutsuwa. A kashe inbata, a raba ta da faranti da batura bisa tsarin da mai haɗa ta ya nuna. Farantan da ke ƙasa ko kan ƙaramar rumfa a kwance su a shigar, na kan rufi a ƙara matse ƙusoshinsu. Ka tuna faranti yana ba da wuta muddin haske na taɓa shi, ko an kashe komai. Batura a ɗaga su daga ƙasa.

Sai tanki, inda ni kaina na yi kuskure. A cika shi maƙil, don tankin da ba komai a ciki iska mirgina shi take yi, a ɗaure shi, sannan a cire bututun da ya haɗa shi da indararo a toshe bakin. Wata shekara da wata guguwa ta ratsa ta kusa da mu, na bi tankuna uku na manta na huɗu, wanda ke bayan ɗakin girki. Washegari na buɗe murfin na tarar da ruwan ya koma kalar shayi, dagargajajjen ganye na yawo a sama, na ɗanɗana na ji gishiri. Iskar tana ɗauko feshin teku ta watsa shi can cikin tudu, ta wanke rufi da duk ƙazantarsa ta zuba a ciki. Ruwan da muka tara tun farkon damina haka muka zubar da shi, muka kwana biyu muna wanke tankin. Tun daga ranar na rubuta jerin tankuna a bangon sito, sai na sa alama a gaban kowanne.

A kafa falankan tagogi tun da sauran haske. Da zarar iska ta fara kaɗa rassa da ƙarfi, ba mai sake hawa tsani. A rufe gas, a yi girki mai yawa, kowa ya yi wanka, a caja wayoyi da tociloli. Idan hukuma ta ce yankinku ya tashi, ku tashi tun kogi bai rufe hanya ba.

Daren

Kowa ya shiga ɗakin mafaka kafin duhu, a ƙirga kawuna. Takalmi a ƙafa, takardu a jiki, tocila a hannu, ba kyandir ba. Rediyo mai batir a kunne. Katifa ɗaya ko biyu a jingine kusa, in rufi ya fara buɗewa a shige ƙarƙashin tebur mai ƙarfi a rufa da su. Kada a buɗe taga da sunan rage matsin iska, ƙofa kawai ake buɗe mata. Ni nakan yi alwala tun da wuri in ajiye buta a kusa, domin daren yana da tsawo kuma zuciya na buƙatar abin riƙewa.

Idan iska ta ɗauke ɗif farat ɗaya, kada kowa ya fita. Mai yiwuwa idon guguwar ne ke wucewa, kuma bayan 'yan mintuna za ta dawo ta ɗaya ɓangaren da ƙarfinta duka. Mutum ɗaya ya sa kunne ga kogi. Ƙara kamar ta manyan motoci, duwatsu ne ke gungurowa. Kogin da ya ragu kwatsam ana tsakiyar ruwa kuwa, alama ce ƙasa ta toshe shi a sama, kuma in ya ɓalle zai zo gaba ɗaya.

Bayan ta wuce

Nan ne dogon aikin yake, kuma nan mutane da yawa ke jin rauni. A jira gari ya waye kuma rediyo ya ce ta wuce. A fita bibbiyu, da takalmin roba mai kauri da safar hannu, domin ƙasa cike take da ƙusa da yankakken kwano. Duk wayar da ke kwance a ɗauka da wuta a jikinta. A shinshina gas kafin a ƙyasta ashana. Kafin a taɓa komai a ɗauki hoton ɓarna ta kowace fuska saboda inshora, sannan a ja tamfol kan rufin da ya buɗe.

Janareto a waje yake zama, nesa da ƙofa da taga da aƙalla mita shida. Iskar gubar da ke cikin hayaƙinsa ba ta da wari, tana kashe mutane suna barci. Firij da ba a buɗewa yana riƙe sanyi awa huɗu, cikakken firiza kwana biyu, don haka nama da kifi ake fara ci ko a ƙyafe su. Daga nan ayaba da sauran abin da iska ta kayar, sai a koma kan gwaza da doya da rogo, waɗanda ƙasa ta ɓoye. Ruwan da ba a amince da shi ba a tace da tsabtataccen ƙyalle a tafasa shi ya yi minti guda yana ɓararraka, ko a ɗiga ɗigo biyu na bilic mara ƙamshi a kowace lita a jira rabin awa. Kada a shiga ruwan kwance da ciwo a ƙafa, akwai cutar da fitsarin ɓera ke yaɗawa bayan ambaliya. Duk wanda zazzaɓi da ciwon jiki suka kama a kai shi asibiti, kada a ce gajiya ce. Kwanaki kaɗan sauro zai yi yawa, a kife duk abin da ke tara ruwa, a kwana cikin gidan sauro saboda zazzaɓin dengi.

Zarto mai inji sai wanda ya iya. Reshen da ke lanƙwashe ƙarƙashin nauyi yana iya zabura ya karya mutum, kuma asibiti yana bayan hanyar da ba a buɗe ba tukuna. A yi aiki da sanyin safiya, domin idan iska ta kakkaɓe ganye babu sauran inuwa.

Mutanen Dominika suna da abin da suke kira kudmen a yarensu na Kiriyol, wato aikin gayya sak irin namu: yau a rufa gidan wannan, gobe na wancan, mai gida ya ba da abinci. Ka shiga ciki da jikinka. Masaukin yana da sola da tanki da zarto, abubuwan da ƙauye ke nema ido rufe, musamman ganin cewa bayan Mariya wurare da yawa sun yi watanni babu wutar lantarki. A buɗe wa mutane wurin cajin waya, a ba da ruwa, a fara share hanyar kowa kafin hanyar bukkokin baƙi.

Kafin a mayar da sola, mai gyaran wuta ya duba wayoyi da inbata ko ruwa ya shige su. Bututun indararo kuma kada a yi gaggawar mayar da shi: a share rufi da magudanarsa, a bar ruwan sama biyu masu ƙarfi su wanke gishirin su zube ƙasa, sannan a haɗa shi da tanki.